Abin da ya sa matasanmu suka fi yarda da mai kemis a kan asibiti

Shekara shida na yi ina tsaron kemis ɗin yayana a ƙauyenmu, nan ƙasar Jahun ta hanyar da ake bi a tafi Gujungu, kafin Allah ya sa na samu koyarwa a firamare na bar masa kayansa. Ban karanci komai a harkar lafiya ba, sakandare kawai na gama a lokacin, amma duk garin likita ake ce min, har tsofaffin da suka ci tuwon sunana. To tun daga wannan zaman ne in na ji ana maganar lafiyar matasa a rediyo sai in ji kamar in buga waya in ce musu dan Allah ku bar ofis ku zo ku zauna a bencin kemis daga isha'i zuwa ƙarfe goma, dare uku kawai, za ku ga abin da taron bita goma a Dutse ba zai nuna muku ba.

Cinikin rana daban na dare daban. Da rana farasitamol ne da maganin zazzaɓi da na tarin yara, kowa ya faɗi abin da yake so da ƙarfi ya biya ya wuce. Bayan isha'i ne za ka ga saurayi ɗan shekara sha takwas ko ashirin ya shigo ya sayi Tom Tom na hamsin, ya ƙi tafiya, ya jingina da ƙofa yana latsa waya kamar yana jiran wani, sai ya ga mutum na ƙarshe ya fita sannan ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce likita, wani abokina ne ya aiko ni. Kullum abokin nan ne, wallahi da za a ƙirga abokan da aka ce sun aiko da sun fi mutanen garin yawa. Abokin in zai yi fitsari yana jin zafi kamar an zuba barkono, kuma wani abu fari yana fita. Ni kuma sai in juya in ɗauko kafso, ja da baƙi ko ja da rawaya, daidai kuɗin da ke hannunsa, in ɗari biyu ce in ƙirga masa na ɗari biyu. Ya sha kwana biyu zafin ya lafa ya ce ya warke. Ban taɓa ce masa ita ma macen da ya kwana da ita tana bukatar magani ba, ban ma san ya kamata in faɗa ba. Sai daga baya na fahimci irin wannan ciwon in ba a kashe shi gaba ɗaya ba yana iya hawa ya toshe wa mace hanyar ƙwai, gobe yaron nan ya yi aure a shekara uku shiru, a ce amaryar ce juya, a fara yi masa zancen ƙari. Kuma shan rabin magani ɗin nan shi ke sa ƙwayar cutar ta saba da shi har ya daina yi mata komai. Wannan laifin har da ni a ciki, ba zan wanke kaina ba.

Matan kuma ba sa zuwa da kansu, aike suke. Yarinya 'yar shekara bakwai za ta zo da kuɗi a dunƙule a hannu, wai in ji Anti a ba ta maganin sanyi. Sanyin nan kuwa kalma ɗaya ce da aka zuba cuta goma a cikinta, ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, fitar ruwa sanyi, rashin haihuwa ma sanyi. Ta yaya zan san wanne ne, daga bakin 'yar aike? Wani lokacin kuma takarda ce a ninke da rubutun ajami ko boko a karkace, a ba ni maganin da zai sa al'ada ta zo. Wannan kam na san abin da wasu ke nufi da shi, nakan ce babu, amma na san ba a nan maganar ke tsayawa ba, akwai mai jiƙe-jiƙe a bayan kasuwa da ba ya cewa babu.

Abin tambaya shi ne, asibitin garinmu tafiyar minti sha biyar ce a ƙafa, awo kyauta ne, maganin tazarar haihuwa in akwai shi kyauta ne, ma'aikatan sun yi karatun da ban yi ba. Me ya sa ake tsallake su a zo wurina? Ba don na fi su sani ba. Ni ina buɗe da dare, ba na rubuta sunan kowa a littafi, ba na tambayar kana da aure ko ba ka da shi, kuma bakina a rufe yake. Rufin asiri nake sayarwa, maganin gyara ne kawai.

Duk wanda ya san ƙaramin asibitin ƙauye ya san yadda yake. Benci biyu a baranda, ɗakin ganin ma'aikaci labule ne a ƙofarsa ba ƙyaure ba, abin da aka faɗa a ciki na kan benci na ji tsaf. Mai yankan kati maƙwabcinku ne, mai shara ƙawar gwaggonki ce. Ɗakin tazarar haihuwa an rubuta masa suna ɓaro-ɓaro a saman ƙofa da hoton mace da goyo, duk wadda ta ɗaga labulen nan kafin ta koma gida labari ya riga ta. Ana tashi da azahar ko la'asar, lokacin da saurayi yana gona ko ya tafi acaɓa, amarya kuma tana tsakiyar aikin gidan surukai. Sannan uwa uba tambayar farko, ke kina da aure? Ina mijin naki? Kai yanzu har ka san wannan? An gina wurin ne domin uwar 'ya'ya biyar wadda kunya ta riga ta sake ta, wadda in an daka mata tsawa za ta rama. Ba a gina shi domin 'yar shekara sha shida ba.

Ƙanwata da muke ciki ɗaya tana sha shida aka kai ta ɗaki. Cikin fari kun san yadda yake a wurinmu, ba a faɗa, ba a nunawa, ko sunan ɗan fari uwa ba ta kira balle ta tsaya tana bayanin abin da take ji a jikinta. Sai da ciki ya kai wata shida hijabi ya kasa ɓoye shi sannan aka sa ta je awo. Sau ɗaya ta je. Ranar an tara mata sun fi hamsin, a kan bencin akwai aminiyar uwar mijinta da wata da ta yi goyonta tana jaririya, malamar asibitin kuma ita kaɗai ce tun safe ko ruwa ba ta sha ba, ta tambaye ta yaushe rabonki da al'ada, yarinya ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ta sake tambaya shiru, sai ta ɗaga murya ta ce lokacin da kike yi ba ki ji kunya ba sai yanzu? Baranda ta kwashe da dariya. Ba ta sake komawa ba, kuma ba ta gaya wa kowa dalili ba sai bayan komai ya faru.

Da ta dawo gida goyon ciki ƙafafunta suka kumbura har silifa ba ya shiga, fuska ta cika, Inna ta ce ai haka ake yi, wata ma ta ce alamar namiji ne. Ta riƙa cewa Yaya kaina kamar zai tsage, wani lokacin ina ganin wuta-wuta. Ni likitan gari me na yi? Sati biyu ina kawo mata farasitamol daga kanti. Daren wata Laraba wajen ƙarfe ɗaya ta faɗi tana jijjiga, ta taune harshe, idanu suka juye. Aka ce iska ce, aka yi tofi aka yi hayaƙi, aka ɓata kusan awa biyu kafin Baffa ya ce a nemo mota. Direban da ke lodi ranar kasuwar Gujungu ne ya taimaka, Allah ya saka masa, muka kai ta babban asibitin Jahun inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke aiki a ɓangaren haihuwa tun 2008. Suna ganinta suka san mene ne, hawan jinin masu ciki ne ya kai ga jijjiga, aka yi mata allurar da ke tsayar da ita, aka ciro yaron. Ita ta tashi. Shi bai zo da rai ba. Wata nas ta tambaye ni ba a auna jininta ba ne a wurin awo? Awon da bai fi minti biyu ba. Na rasa bakin magana.

A wannan asibitin akwai ɓangare guda na masu yoyon fitsari, kwana huɗun da na yi ina jinya na ga su suna fitowa shan iska da robar fitsari a hannu, da yawansu ba su girmi ƙanwata ba. Doguwar naƙuda ce ke jawo shi, yarinya ta kwana biyu uku tana fama a ɗaki kan yaro ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu, kuma sau da yawa ba a fita da ita da wuri saboda wai cikin fari dama yana daɗewa, jarumta ce ta yi shiru. Aiki ake yi a ɗinke, a Jahun ana yi, a asibitin Murtala na Kano ana yi, a Babbar Ruga ta Katsina ma haka, amma kafin a kai ga ɗinkin wata an riga an sallame ta daga gidan miji. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna a shiyyarmu ta arewa maso yamma mace 16 ce kacal cikin 100 ke haihuwa a asibiti, kuma 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19, kusan 29 cikin 100 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Hukumar lafiya ta duniya ma ta ce waɗanda ba su kai ashirin ba sun fi shiga hatsarin jijjiga a kan 'yan ashirin zuwa ashirin da huɗu. Ke nan wadda ta fi kowa bukatar awo ita ce wadda ta fi kowa tsoron bencin awo.

A nan ne nake ganin ɓangarorin biyu duk sun kauce. Masu zuwa da farar mota da fosta in sun ce matasa, 'yar jami'a suke hangowa mai babbar waya. Mutanenmu kuma da sun ji an haɗa kalmar matasa da lafiyar haihuwa sai su ce shi ke nan an zo koya wa yara iskanci. Alhali matashiyar ƙauyenmu yawanci matar aure ce, da igiya uku a kanta, mijin ma wani lokacin bai wuce ashirin da biyu ba, su biyun ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayanin komai in ban da kayan mata da aka cusa mata a akwati da maganin ƙarfin maza da shi yake ji ana tallarsa da lasifika a kasuwa. Abin mamaki mai lasifikar nan yana faɗin maganar da ta fi ƙarfin kunne a gaban yara da manya ba mai cewa uffan, amma ma'aikaciyar lafiya ta shiga makaranta ta yi wa 'yan aji shida bayanin al'ada sai a kai ƙara wurin mai unguwa.

Masu cewa addini ya hana, ni ɗalibin zaure ne kamar kowa, ban kai malami ba, amma Ahalari da muka biya muna yara akwai babin haila akwai na nifasi a cikinsa, malam ya fassara mana da Hausa tsantsa ba wanda ya ce ya lalata mu. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ummu Sulaim ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta tambayi hukuncin mace in ta yi mafarki. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, iyayenmu kuma tun kafin zuwan allura suna gudun kwanika, shi ya sa mai jego ke daɗewa a gidansu. Yau da aka daina wannan dogon zaman, yarinya na arba'in ta koma, wata huɗu wani cikin ya shiga, na goye ya rame, ita ta ɗashe. Tazarar da likitoci ke faɗa ta shekara biyu kafin wani cikin ba baƙuwa ba ce a wurinmu, hanyar ce kawai ta canza.

Kuma ko a tazarar ma ana yi wa yaran nan gajeren bayani. A sa wa yarinya ashana a hannu, wato ɗan siririn maganin tazarar nan da ake cusawa a ƙarƙashin fata, ko a yi mata allurar wata uku ba a gaya mata jini zai iya rikicewa ba, ya riƙa ɗigowa yau da gobe. Ga ma'aikaci wannan ƙaramin abu ne, zai ce zai daidaita. Ga ita kuwa maganar sallah ce da azumi da shimfiɗar miji, ba ta san na haila ba ne ko na cuta, ba ta da wanda za ta tambaya. Da za a ce mata tun farko ga abin da zai iya faruwa, ga hukuncin jinin istihala ki tambayi malamarku ta Islamiyya, kuma duk ranar da kika ce a cire za a cire ba gardama, da ba a samu masu zuwa kemis suna tambayata ko zan iya ciro musu ashana da reza ba. An tambaye ni, ba sau ɗaya ba.

Waɗanda ba su da aure fa? Ba zan kewaye ba. Ba na goyon bayan ɓarna, kuma ba na son 'yata ko ɗana su yi. Amma wanda ya riga ya kamu da ciwo korarsa daga asibiti ba ta mayar da shi salihi, tana mayar da shi wurina ne in ƙirga masa kafso huɗu. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, 'yar talla ko wadda aka tare a hanyar gona, akwai maganin da in an fara ba ta cikin awa 72 yana kare ta daga cuta mai karya garkuwar jiki, amma mu a nan kwana ukun nan a zaman sulhu ake cinye su, a rufa a rufa kar sunan gida ya ɓaci. In iyaye sun tabbata za su shiga asibiti su fito ba wanda ya ji, da yawa za su kai.

Samari kuwa an manta da su gaba ɗaya. Asibitin ƙauye ya zama na mata da yara, saurayi in ya zauna a bencin nan ji yake kamar ya faɗa ɗakin ƙunshi. Mu da muka taso muna wanka a kududdufi da fadama, yaro ya fara fitsarin jini sai abokai su ce ya balaga, har da alfahari. Tsargiya ce, tsutsa ce da ke shiga ta fata a cikin ruwa, tana da magani ƙwaya da ake rabawa har a makarantu, in an bar ta tana lalata mafitsara, a mata kuma tana taɓa al'aura a yi ta shan maganin sanyi a banza. Duk yankin Haɗeja da wuraren noman rani irin su Kura da Kadawa sun san ta. Sannan wannan saurayin shi ne gobe zai ba da izinin fita awo ko ya hana, shi zai biya kuɗin mashin, shi za a tasa da tsakar dare. Ba wanda ya taɓa gaya masa kumburin fuska da ciwon kai ga mai ciki alamar hatsari ce. Da mijin ƙanwata ya sani, ko ni na sani, da labarin ya canza. Maƙwabtanmu Kano sun yi dokar gwaji kafin aure a 2024, a duba jini ko akwai sikila, a duba ciwon hanta da cuta mai karya garkuwa, abu ne mai kyau, amma in takarda kawai za a karɓa a miƙa wa liman an yi asarar dama, don wannan ce rana ɗaya tilo da saurayi da budurwa ke zuwa gaban ma'aikacin lafiya da ƙafarsu. Minti ashirin a zaunar da su a ranar ya fi fosta dubu.

Na san akwai rashin yarda, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, shi ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Da aka kawo rigakafin sankarar bakin mahaifa a 2023 domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Jigawa da Kano na cikin jihohin farko, a makarantarmu sai da wasu iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa ranar, wai ta hana haihuwa ce. Abin da ya karya ƙin allurar shan inna ai ba faɗa ba ne, sarakuna ne da malamai suka fito suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a. Wannan ma haka za a bi, ta bakin liman da malamar Islamiyya da ungozoma da uwar miji, don in uwar miji ba ta yarda ba ko an gina asibitin zinare amarya ba za ta taka ba.

Yawancin abin da nake roƙo ma ba na kuɗi ba ne sosai. Ƙyaure a maimakon labule, kafinta zai yi shi a yini ɗaya. A goge rubutun saman ƙofar nan, ɗaki ɗaya a riƙa ganin kowa a ciki, mai zazzaɓi da mai tazara, ba wanda zai san me ya kawo wani. A ware wa masu cikin fari ranarsu ta awo su kaɗai, su zauna da sa'o'insu ba da sa'o'in iyayensu ba. Yamma ɗaya a sati namiji ma'aikaci ya zauna bayan magariba domin samari. Mai kuɗin shi ne ƙarin ma'aikata mata da ɗakin kwanansu a cikin asibitin, don ita ma malamar da ta yi wa ƙanwata tsawa na daɗe da daina jin haushinta, mutum ɗaya da mata hamsin ba fanka ba ruwa, ko waliyyi ne zai yi subul da baka. Muna da makarantar ungozoma a Birnin Kudu, muna da ta koyon aikin lafiya a nan Jahun, 'ya'yanmu za su iya in an bar su sun gama sakandare, wanda shi ma wani zancen ne mai zaman kansa. Amma duk wadda aka ɗauka, 'yar gari ce ko baƙuwa, a gaya mata sirrin mara lafiya amana ce, wadda ta kai shi gidan biki ta bar aikin.

Mu masu kemis kuma tunda ba za a iya hana mutane zuwa wurinmu ba, gara a koya mana inda iyakarmu take. Bara na haɗa kuɗi na sayo na'urar awon jini mai batir a Kano na ajiye wa yayana a kanti, na rubuta 140 da 90 da babban baƙi a jikin kwali na manna a bango, na ce duk mai cikin da aka aiko a saya wa maganin ciwon kai kar ka bayar, ka ce matarka za ta shiga gidan da na'ura, in lamba ta kai wannan ga lambar direba a ƙasa. Ya yi ta mita wai zan kashe masa ciniki. Zuwa yanzu mata uku aka tura ta haka, biyu cikin fari ne. Wancan satin ya kira ni wai batir ya mutu, kuma shi ba zai saya da kuɗinsa ba.